Ɗan Mai Garuwa a Kan Wayar Hukumar Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A yi mini uzuri, ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan ambaci jihar da nake aiki ba, don har yau ina kan kujerar. Amma inda aka haife ni ba abin ɓoyewa ba ne: Kano, unguwar Rijiyar Lemo, a shekarar 1993. Mahaifina ɗan garuwa ne. Da kuɗin jarka aka yanka mini ragon suna, da shi aka saya mini allo da littafin makarantar boko.

Baba ya shigo Kano a farin 1984, daga wani ƙauye da ke dab da iyakar Nijar. Cin-rani ya zo, da niyyar in ruwan farko ya sauka ya koma gona. Bai koma ba. Da garwa biyu ya fara, ɗaya gaba ɗaya baya, a rataye jikin sanda a kafaɗa. Har yau akwai kanta a kafaɗarsa ta dama, baƙa, mai tauri kamar tafin ƙafa. Ina yaro nakan danna ta da yatsa in tambaye shi ko da zafi, sai ya ce wurin ya daɗe da daina jin komai.

Kafin in yi wayo ya sayi kura. Wanda bai taɓa tura kura ba ba zai gane ba. Jarka 12 take ɗauka, kowace lita 25, wato kilo 300 na ruwa ke nan, ban da nauyin ƙarfen. Mutane suna zaton hawa ne da wuya. Gangara ta fi. A hawa ƙarfinka kawai kake sawa, amma a gangara kurar ce ke jan ka, ruwan yana kaɗawa a cikin jarkoki, in taya ɗaya ta faɗa rami sai ta fizge maka hannu. Ina aji huɗu na firamare na fara bin Baba. Kafin kiran assalatu muna layin rijiyar burtsatse, mu cika, mu yi sallah, sannan mu shiga lungu. Masu koko da ƙosai ne farko, sai masu wanki, sai gidajen aure. Matar gida ta leƙo daga bayan labulen zaure ta ce, “Mai ruwa, a juye biyu a randa.” Wadda ba ta da kuɗi a ranar, Baba ya ja layi da gawayi a bangon soro. Ban taɓa ganin ya yi wa wata tashin bashi ba. Yakan ce wanda ya ci bashin ruwa ba don marmari ya ci ba.

A gidan hayar da muke akwai famfo a tsakar gida. Wani lokaci sai a yi wata ba a ga ɗigo ba. Ranar da zai kawo, tari yake fara yi, iska tana fita da ƙara, sai yara su ruga suna ihu, “An kawo ruwa!” Unguwa gaba ɗaya ta kacame da murna, kowa da bokitinsa da bahonsa. A ranar kuwa kurar Baba a jingine take wuni. Inna ba ta cewa komai, amma miyar dare ba ta samun ko ƙashi. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai: ranar farin cikin maƙwabtanmu ita ce ranar da tukunyarmu ke raguwa. Na taɓa tambayar Baba ko yana jin haushi in famfo ya kawo. Ya dube ni ya ce, “Kai, wa yake jin haushin ruwa? Wanda ya tsaga bakin ai ba zai hana shi abin sawa ba.”

A makaranta an koya mana cewa Kano ta samu ruwan famfo tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1930, daga kogin Challawa. An koya mana madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, da matatar Tamburawa a hanyar Zariya, da tankin da ke kan Goron Dutse. Ni dai abin da ban gane ba shi ne, in ruwan yana nan haka, me ya tsare shi a hanya? Ba wanda zan tambaya. A unguwarmu ba mu san ana tambaya ba ma. Famfo kamar hadari muka ɗauke shi, in ya zo alhamdulillahi, in bai zo ba sai haƙuri.

Na yi karatun difloma da babbar difloma a fannin mulki, ina tura kura ranakun Asabar da Lahadi. A 2018 aka tura ni bautar ƙasa wata jiha ta Arewa, lokacin alawus naira 19,800 ne. Da na gama ban koma gida ba, na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a kan naira 15,000. Sai korona ta zo a 2020, aka rufe makarantu, mai makarantar ya ce ba kuɗin makaranta, ba albashi. Wata shida na yi ina kwana a shagon wani abokina tela, ina yi masa guga.

A shagon nan na ji sanarwa a rediyo, cewa hukumar ruwa ta jihar za ta buɗe ɗakin amsa wayar jama'a, tana neman matasa masu jin Hausa da Turanci, in da Fulatanci ya fi, kuma su iya kwamfuta. Abokina ne ya matsa mini. Ni na riga na sa a raina cewa irin wannan aiki an gama raba shi kafin a kai sanarwar gidan rediyo. Ranar jarrabawa harabar ta cika maƙil, har da masu digiri na biyu, ga shi mutum 18 kacal ake nema.

A ganawar baki, wata mata cikin masu tantancewa ta ɗauki waya ta kara a kunne, ta ce in ɗauka ita mai ƙorafi ce. Sai ta hau ni da faɗa: kwana tara ba ruwa, ga bil an kawo mata, ku ɓarayi ne. Abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba. Na ce, “Hajiya, sannu da haƙuri. Kwana taran nan jarka nawa kike saye a rana, kuma nawa ake sayar miki?” Ta sauke wayar ta dube ni, ta ce me ya sa na yi wannan tambayar. Na ce don shi ne ainihin abin da ke damunta, kuɗin cefane ne yake tafiya a ruwa, kuma ni na san haka saboda mahaifina ne yake sayar da jarkar. Ban taɓa faɗin sana'ar Baba a gaban manyan mutane ba sai ranar. Bayan mako uku na ga saƙo a wayata. Na yi sujada a kan tabarmar shagon, abokina yana ta kabbara da almakashi a hannu.

Kafin mu fara aiki aka kai mu matatar ruwa, kuma a nan na samu amsar tambayar da nake ɗauke da ita tun ina yaro. Ruwa ba ya zuwa da ƙafarsa. Injuna ne ke zuƙo shi daga kogi, jajir da laka. A zuba masa alam, lakar ta dunƙule ta kwanta. A tace shi ta cikin yashi, a sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, sannan wasu manyan injunan su tura shi tankunan da ke kan tudu, daga can ya gangaro cikin gari. Kowane mataki wuta yake ci. In an ɗauke wuta awa shida, ba awa shida aka rasa ba, don sai bututan sun sake cika kafin na ƙarshen layi ya ga ɗigo. Da damina kogi ya fi laka, alam ɗin da ake buƙata ya ƙaru. Da bazara kowa ruwa yake nema. Garin kuma ya ninka girman da aka yi wa bututan lissafi, shi ya sa ake rabon kwana: a buɗe bawul ɗin wannan shiyya yau, a rufe na waccan. Ga masu hali da ke ɗaura ƙaramin inji a bakin bututu su zuƙe na maƙwabta. Ga masu aikin titi da ke fasa bututu su rufe da ƙasa su wuce. Na tsaya a gefen tafkin tacewa ina kallon ruwa garai-garai, na tuna famfon gidanmu yana tari.

Aikin kansa kujera ce, da kwamfuta, da abin sawa a kunne. Mu tara da safe, tara da yamma. Ka ɗauki kira, ka yi sallama, ka rubuta unguwa da layi da lambar gida, ka zaɓi irin matsalar: rashin ruwa, fashewar bututu, ruwa mai datti, rikicin bil, neman sabon haɗi. Ka ba mutum lambar ƙorafinsa, ka tura wa ofishin shiyya. An kuma ba mu jimla guda da za mu riƙa faɗa: “Muna sane, ana kan aiki.”

Wannan jimla ta kusa sa ni ajiye aikin. A rana sai in faɗe ta sau hamsin, alhali ban san ko ana kan aikin ba. An zage ni, an zagi iyayena. Ban riƙe kowa ba, don mai ƙishirwa ba ya zaɓen magana. Abin da ya fi zagin ciwo shi ne kiran wata tsohuwa, a wata na biyu. Muryarta a sanyaye ta ce, “Ɗan nan, ni ba faɗa na kira in yi ba. Jikata ce za a kai ɗaki ranar Juma'a, baƙi za su zo daga ƙauye. Ina da naira dubu biyu. In za a kawo ruwa in sayi itace da ita, in ba za a kawo ba in sayi ruwa. Ka faɗa mini gaskiya don Allah.” Na buɗe baki zan ce ana kan aiki, maganar ta maƙale. Na ce, “Iya, ba ni minti goma, zan kira ki.”

Dokar aiki ba ta ce in tashi daga kujera ba, amma na tashi. A bayan ginin akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Makulli, shi ke zagayawa a kan babur da dogon ƙarfen buɗe bawul. Taswirar bututan garin a kansa take, har waɗanda ba sa cikin takarda. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi unguwar. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, “Injin da ke ba su yana wurin gyara. Ko an ɗaura shi Alhamis, su a kan tudu suke, sai Lahadi.” Na koma na kira ta na ce, “Iya, ki sayi ruwa. Kuma ki saya tun Laraba, kafin 'yan garuwa su ji labarin biki.” Ta yi ta sa mini albarka har katina ya ƙare.

Daren nan na kira Baba na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ce wa mace ga ni nan zuwa ba alhali na san ba zan zo ba. In ka ce mata babu, za ta nemi wani. In ka ce ga ni nan, ta ɗora tukunya.”

Da safe na je wurin shugabar sashenmu, matar nan da ta yi mini ganawa. Na ce, “Ranki ya daɗe, mutane ba lallashi suke nema a wurinmu ba, rana suke so a faɗa musu.” Ban yi zaton za ta saurare ni ba. Ta ɗauki maganar har gaban injiniyoyi, kuma ba su so ba da farko, don in ka faɗi rana ka ɗaure kanka. An yi wata biyu ana ja. Daga baya aka kafa farin allo a ɗakinmu, kullum da safe a rubuta shiyyar da za a buɗe wa, da injin da ya tsaya, da inda ake gyara. Ba kullum allon ke cika alkawari ba, wuta takan karya shi. Amma ko “ba za a samu ba sai jibi” kuɗi ne a aljihun talaka. Ya san abin da zai saya, mai wanki ya san ko ya karɓi kaya, mai abinci ta san ko ta cika duro.

Daminar 2021 ita ce ba zan manta ba. Shekarar da amai da gudawa ya ratsa ƙasar nan, mutum sama da 100,000 suka kamu, sama da 3,000 suka rasu, akasari a jihohin Arewa. Wata ranar Talata a watan Agusta wani magidanci ya kira ya ce ruwansu yana wari. Na rubuta. Kafin azahar wata mata ta kira daga layin da ke bayansa, ta ce ruwan farko da ya zo baƙi ne, kuma yaranta biyu suna gudawa. Abokiyar aikina da ke kujerar gefe ta ce ita ma ta karɓi irinsa. Muka jera adireshin uku, sai ga su duk a kan bututu ɗaya. A horo an gaya mana cewa bututun da ba ruwa a ciki ya fi mai ruwa haɗari: in ya huje a inda ya ratsa kwata, lokacin da yake fanko sai ya zuƙi ƙazantar, ranar da aka buɗe ruwa ya kai wa mutane har randa. Ban tura a kwamfuta in jira ba, da ƙafa na je ofishin injiniya. Kafin la'asar Baba Mai Makulli ya rufe layin. Washegari aka tono, aka samu tsohon bututu ya tsage a ƙarƙashin wata kwalbati. Mu kuma muka bi lambobin mutanen layin ɗaya bayan ɗaya: a zubar da na randa, a tafasa na sha, mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari a garzaya asibiti. Yaran matar nan sun tashi. Ta kira bayan mako guda don kawai ta faɗa mini. Na cire abin kunnen na fita waje na ɗan tsaya.

Akwai masu kiran da ban zata ba, 'yan garuwa. Wani ya gano cewa muna faɗin unguwar da ba za ta samu ruwa ba, sai labari ya bazu a tsakaninsu. Da sassafe za ka ji murya da hucin mai tura kaya: “Malam, yau ina ne babu?” Wasu abokan aikina suka ce kada a faɗa musu, kasuwa suke nema da wahalar mutane. Ni ina faɗa musu. Unguwar da famfo bai je ba dole wani ya kai mata ruwa, kuma na san nauyin kilo 300 a kan hanyar da ba a sayi ko jarka ɗaya ba. Abin da nake ƙarawa kawai shi ne, “Don Allah kada a tsawwala.”

Ba zan ce komai daidai yake ba. Har yau a kwantiragi muke, ba fansho, kuma an taɓa yin wata uku ba a biya mu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin jarka ya yi tsalle, saboda masu burtsatse da janareta suke jan ruwa. A Afrilun 2024 kuma aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kuma duk mai injin da ke cin wuta dare da rana ya ji a jikinsa. Kiraye-kirayen sun ƙaru, muryoyin sun ƙara zafi. Wani malami ya taɓa ce mini, “Da kuɗin da ake biyan ku an sayi alam da shi, da ya fi.” Ban yi musu da shi ba sosai, don waya ba ta tura ruwa, kuma in matata ta tsaya mu 18 ɗin nan ba mu da abin faɗa. Sai dai na gaya masa cewa albashinmu gaba ɗaya ba zai riƙe injuna na kwana biyu ba, kuma bututun da ya fashe a lungu, da sai ya yi wata yana kwarara kafin wani ya sani, yanzu yaro mai waya yakan sanar da mu kafin hantsi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai akwai wanda zai saurare shi.

Mutum 18 ba yawa ba ne a garin da masu takarda ke yawo da fayil. Amma na san abin da kujera ɗaya ta yi. Cikinmu akwai bazawara mai 'ya'ya uku, akwai wani da shan inna ya taɓa wa ƙafa, wanda ya ce wannan ne aiki na farko da ba a dubi tafiyarsa ba kafin a ji muryarsa. Ni kuwa a wannan albashi na yi aure a 2022, ƙanwata ta shiga makarantar koyon jinya, na kuma roƙi Baba ya ajiye kura. Sai da na yi shekara ina roƙo. Bai sayar da ita ba, ya ba wani yaro ɗan ƙauyensu yana turawa, shi kuma yana zama a bakin burtsatse yana karɓar kuɗi.

Ran nan da safe, wajen ƙarfe tara, kira ya shigo. Na yi sallama, na faɗi sunan hukuma, na ce da wa nake magana, daga wace unguwa. Aka yi shiru. Sai na ji tarin da na sani tun ina cikin zanin goyo.

Na ce, “Baba? Lafiya? Ai wannan layin aiki ne, kuma ba na Kano ba ne.”

Ya ce, “Na sani. Yaron nan ne ya danna mini lambar. So nake in ji yadda kake gaishe da mutane.”

Na ce, “To yaya ka ji?”

Ya ce, “Ka ɗan rage sauri, tsofaffi ba sa kamawa. Je ka, wani yana jira a layi.”